Hatimin Baba Sale

Ku ajiye wayoyin nan tukuna, ya shabab. Tun da kuka zauna nake jin ɗayanku yana cewa koyarwa ba wani abu ba ce, wai ka karanta yau ka faɗa gobe. To madalla. Ni Isiyaku na yi shekara talatin da ɗoriya ina shaƙar ƙurar alli a Nakkasa, kuma akwai darasi ɗaya da na fi kowa iyawa a duk Makka, in ma akwai wani mai koyar da shi: yadda mulki ya zame daga hannun sarkin Ingila ya koma hannun majalisar ministoci. Darasin nan shi ya ciyar da ni. Shi ne kuma ya raba yarinyar da ta fi kowa gane shi da takardar shaidarta, saura wata huɗu ta gama. Sunanta Ramlatu, kuma a kanta maganar nan za ta ƙare.

Makarantar tamu ba wadda hukuma ta sani ba ce. Ɗaki huɗu ne a gidan Baba Sale, can saman dutse, inda mota ba ta kaiwa, sai ka hau matakala har gwiwarka ta fara ƙara. Yaran 'ya'yan mutanenmu ne: masu tura keken gajiyayyu a Harami, masu dako, mata masu sayar da hatsin tattabaru. Da yawansu a nan aka haife su amma ba su da igama, wato takardar zama, don haka makarantar gwamnati ba ta ɗaukarsu. Abin da iyayen ke nema a wurinmu ɗaya ne. Yaro ya gama, a ba shi takardar shaida mai hatimin Baba Sale, a tura shi wurin dangi a Kano ko Sakkwato, wata makaranta can ta karɓe shi ya zauna jarrabawar gama sakandare. Shi ya sa muke bin manhajar gida. A manhajar nan akwai darasin gwamnati, a darasin gwamnati kuma akwai Ingila.

Ranar da na fara aiki, Malam Habu, wanda ya koya mini sana'ar, bai ba ni aji ba. Tsumma ya ba ni. Dattijo ne da ya zo ta Sudan, mai ƙaramar murya da zafin hannu. Shekara guda cur ina goge allo, ina duba littattafan yara, ina zaune a baya ina kallonsa. Allon kansa falankin katako ne da muke shafa wa baƙin fenti duk hutun Hajji, lokacin da unguwa take watsewa kowa ya tafi Mina neman aiki. Alli kuwa in zafi ya yi zafi sai ya riƙa marmashewa a hannu, dole ka koyi riƙe shi a kwance. Littattafan darasi da tsofaffin takardun jarrabawa alhazai ke kawo mana daga gida, a cuse tsakanin kuka da daddawa. Har yau in na ji warin daddawa, tsarin mulki nake tunawa, wallahi.

Abu na farko da Malam Habu ya koya mini game da darasin nan ba ya cikin littafi. Kafin ka furta kalmar sarki, ka rubuta INGILA da manyan baƙaƙe a saman allo, yadda duk wanda ya leƙo ta taga zai gani. Ya ce, "Isiyaku, muna zaune a ƙasar mutane. Ba ruwanka da ta nan. Ingila ka rubuta a sama, ka bar ta a sama, kada ka sauko da ita ƙasa." Na ce to, Malam. Rabin maganar na riƙe.

Ga yadda ake koyar da shi, ku da kuke ganin sauƙi. Muna da wata tsohuwar alkyabba da asu ya ci. Nakan ɗora ta a kan kujera a gaban aji in ce ga sarki. In tashi yara goma sha biyar su kewaye ta, in ce ga manyan ƙasa masu ba shi shawara, kowa ya yi magana lokaci ɗaya. Aji ya kaure da hayaniya. Sai in ce to haka sarki ya gaji, ga surutu ga tonon asiri, ya zaɓi huɗu ko biyar da ya amince da su ya riƙa jan su wani ɗan ƙaramin ɗaki. In tura yara biyar lungun bayan allo. Lungun nan shi ne asalin majalisar ministoci, kuma da farko zargin su ake yi, ana ce musu 'yan ƙus-ƙus. Sauran aji su ne majalisar dokoki, su ke riƙe da bakin jakar haraji. Sarki yana son yaƙi, yaƙi yana son kuɗi, kuɗi kuma sai sun yarda. Aka yi ta ja-in-ja har aka sare kan wani sarki, wannan wurin a hankali ake faɗinsa, aka kori wani, aka kawo wani bisa sharuɗɗa. Daga nan sarki ya gane cewa in yana son zama lafiya, to waɗanda zai ja lungu su zama mutanen da majalisar dokoki take jin maganarsu.

Sai wurin da yara suka fi so. Aka ɗauko wani sarki daga ƙasar Jamus, Turancinsa bai nuna ba, zuciyarsa kuma tana garinsu. Masana na gardama kan dalilin, amma dai ya daina zuwa zaman ministoci. A nan sai in ɗauke kujerar da alkyabbar in kai ta ƙarshen aji, yara suna dariya. To wa zai shugabanci zama? Ɗaya daga cikinsu, mai kula da baitulmali. Shi ya zama firaminista, sunan ma da farko ba'a ce. A hankali a hankali, ba da doka guda ba, da al'ada, sarki ya koma yana sarauta ba ya mulki. A kai masa takarda ya sa hannu. Yana iya tambaya, yana iya gargaɗi, iyakarsa ke nan. Ƙa'idar da ta riƙe ginin gaba ɗaya ita nake ajiyewa ƙarshe. A cikin ɗaki ministoci su yi ta faɗa har muryarsu ta dushe, amma in an yanke shawara, a ƙofa bakinsu ɗaya. Wanda bai yarda ba hanya biyu gare shi: ko ya fita ya kare shawarar kamar tasa, ko ya ajiye aiki. Wannan nakan sa su maimaita da Turanci har sai ya zauna.

Yanzu bari in gaya muku inda na saɓa wa Malam Habu. Baba Sale, mai gidan, haifaffen unguwar Jarwal ne a nan Makka, ɗan ƙasa, kakansa ne ya zo da ƙafa daga Kano. Mutumin kirki ne, amma kai, mulkinsa sai ya sa ka cire hula. Mace ta zo ƙofa tana kuka, ya kama hannun ɗanta ya cusa maka a aji tsakiyar zango, babu benci babu littafi. Rana ta yi zafi ya ce a tashi. Akwai shekarar da ya soke sakamakon aji guda don wata tsohuwa ta ce an zalunci jikanta. Ba ya tambayar kowa igama, ba ya tambayar kowa shawara. In muka zauna taron malamai, mu muna Hausa muna haɗawa da Turancin manhaja, shi kuwa Hausarsa ta cikin gida ce, rabi Larabci. Minti goma ya fara gyangyaɗi da carbi a hannu.

Ni da wayona, na duba na ga Bajamushen sarki zaune a gabana. Bayan rasuwar Malam Habu na rubuta ƙa'idoji a shafi guda. Malamai biyar su zama majalisa, su ke yanke komai. Malam Nura, mai lissafi, shi ne shugaba, don shi ya fi iya hulɗa da mutanen waje. Baba Sale ya riƙe hatimi, amma ba ya buga shi sai a kan abin da majalisa ta zartar. A ƙofa kuma bakinmu ɗaya. Na kai masa ina ɗar-ɗar, na fassara masa. Ya yi dariya ya ce, "Ɗayyib, ya waladi, na yarda ɗana. Ku huta da ni, in huta da ku." Ya mayar da hatimin cikin gwangwanin alawar da yake ajiye shi, ya daina zuwa taro.

Kada ku ce tsarin bai yi aiki ba. Ya yi. Shekara goma sha biyu muka yi a kansa, kuma makarantar ba ta taɓa kyau irin na lokacin ba. Jadawali ya tsaya, aji ya daina cika ya batse, makarantun gida suka fara girmama takardarmu don sun san ba a samunta da kuka. Uba ya zo da faɗa, ya je wurin wannan malami ya je wurin wancan, amsa ɗaya zai ji. Ina alfahari da abin nan har ina kawo shi misali a aji. Allah ya yafe mini.

A cikin shekarun nan Ramlatu ta shigo. Mahaifiyarta hatsin tattabaru take sayarwa, mahaifinta an kama shi an mayar da shi gida tun tana goye, takarda kuwa ko ta haihuwa ba ta da ita. Yarinya ce mai shiru, amma in ta ɗaga hannu sai ka gyara tsayuwa. Ranar da na kai alkyabba ƙarshen aji a ajinsu, kowa yana dariya ban da ita. Ta ce, "Malam, to idan ministocin suka haɗu a kan zalunci, wa zai hana su?" Na ce majalisar dokoki, ta hanyar ƙuri'a. Ta ce, "Mu a makarantar nan wace ce majalisar dokokinmu?" Na yi dariya na ce ta zauna, lokaci ya ƙure. Na kwafo ministoci, na kwafo sarki, ban kwafo waɗanda za su iya korar mu ba. Ko sau ɗaya ba mu taɓa kiran iyaye mu ji ta bakinsu ba.

Sai shekarar izala, wato rusau. Ku kun ga Nakkasa bayan an share ta, ba ku ga lokacin da ake bi gida-gida ana fesa jan fenti a bango ba. Aka fara daga ƙasa ana hawowa. Muna cikin aji muna jin ƙarar katafila, ƙura tana shigowa ta taga tana sauka a kan allo, ka rubuta ka goge ka rasa wanne ne alli wanne ne bangon maƙwabci. Kullum benci yana raguwa da mutum ɗaya ko biyu. Wata safiya muka tarar da fentin a bangon Baba Sale.

Malam Nura ya yi ta zirga-zirga har ya samo mafita. Wata cibiyar koyarwa mai rajista, a wata unguwa, ta yarda ta ba mu ɗaki biyu da rana, ta kuma mayar da igamar malamai ƙarƙashinta. Sharaɗinta ɗaya: duk yaron da zai taka ƙofarta sai mai igama, don masu bincike suna zuwa. Ramlatu da kusan rabin makaranta ba su da ita.

Muka zauna bayan azahar, mu biyar, a ɗakin da ya fi nisa da taga. Na ce kada mu karɓa. Na ce mu raba yaran gida-gida, mu riƙa bin su muna koyarwa har zango ya ƙare. Malam Nura ya ce, "Gidajen wa, Ustaz? Waɗanda za a rushe jibi?" Na ce to aƙalla 'yan ajin ƙarshe a ba su takardar shaida yanzu, wata huɗu ne ya rage. Ya ce cibiyar za ta karɓi rajistarmu ta duba, in ta ga an ba da shaida ga wanda bai gama ba, kuma marar takarda, maganar ta mutu, mun kashe rabin da za a iya ceta. Ba mugu ba ne Nura, kada ku ɗauke shi haka. Hujjarsa tana da ƙarfi. Na yi ihu, na buga tebur, na kira shi da sunan da har yau nake jin kunyarsa. Aka ɗaga hannu. Huɗu da ɗaya.

Washegari bayan la'asar Baba Sale ya aiko a kira ni. Na same shi a tsakar gida, kayansa a ɗaure cikin kwalaye, takardar majalisa a kan cinyarsa, gwangwanin alawa a buɗe. Ya tsufa sosai lokacin.

Ya ce, "Ya Isiyaku, sarkin nan naku na littafi, in aka kawo masa abin da zuciyarsa ba ta so, yana iya ƙi?"

Na ce, "A rubuce yana iya, Baba."

"A aikace fa?"

Da na ce masa e, wallahi da ya rufe gwangwanin. Na san shi. Da ya jawo takardun shaida ya buga wa Ramlatu da 'yan ajinsu a ranar, kowa ya yi abin da zai yi. Amma ni malami ne, an tambaye ni darasina. Na ce, "Sama da shekara ɗari uku ke nan ba a yi ba. Wata sarauniya ce ta yi na ƙarshe."

"In ya yi fa?"

"Ministoci su ajiye aiki, Baba. Nura ya tafi da cibiyarsa."

Ya ɗauko hatimin daga gwangwanin. Ya ce, "Da can da nake mahaukaci, babu yaron da ya taɓa komawa daga ƙofar nan. Kai ka ɗaure mini hannu, ya waladi, kuma da igiya mai kyau." Ya hura wa hatimin iska, ya danna shi a tawada, ya buga.

Saura sanarwa. Majalisa ta ce ni zan karanta wa ajin ƙarshe, don ni ne malaminsu. A nan ne hanya biyun ta tsaya a gabana, ba a allo ba. Ina iya ajiye aiki in ɗauki allina in bi yaran duk inda suka faɗa. Amma igamata saura wata biyu ta mutu, matata da 'ya'yana huɗu duk a kanta suke rataye, cibiyar kuma ita kaɗai ta ce za ta sabunta. Ba zan yi muku ƙarya in ce na daɗe ina tunani ba. Tsoro ne ya kama ni, kuma ban daɗe ba.

Na shiga aji na karanta sunayen waɗanda za su bi mu. Na ce sauran mun gode musu, Allah ya buɗa musu wata ƙofar. Ban ɗaga kai ba sai da na gama. Hannun Ramlatu yana sama.

Ta ce, "Malam, kai ma ka yarda da wannan?"

Na ce, "Shawarar majalisa ce."

"Na ji. Kai nake tambaya."

Na ce, "Ina cikin majalisa, Ramlatu. Shawarata ce."

Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta tattara littattafanta a nitse, ta gyara mayafinta. Da ta zo daidai tebur ta tsaya ta ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji, "Hanya biyu ka koya mana, Malam." Ta sauka matakala.

Na ce a raina zan neme ta in ƙarasa mata darussan a gida, ko ba takarda. Kwashe benci da allo ya cinye mini mako biyu. Ranar da na hau wajen gidansu ban gane layin ba ma, tarin bulo ne da ƙarafa da wani takalmin yaro ƙafa ɗaya. Na tambayi mata masu hatsi a bakin Harami. Wata ta ce sun koma Jidda, wata ta ce an kwashe su an mayar gida, wata ta ce ba ta san wadda nake nufi ba. Baba Sale bai yi shekara a gidan hayar da ya koma ba ya rasu. Cibiyar ta riƙe mu zango biyar, sannan ta ce tana bukatar ɗakunanta. Yaran da muka tafi da su dai sun gama, sun sami takardarsu, wasu suna jami'a a gida yanzu. Wannan ma gaskiya ne, kuma Nura yakan tuna mini duk sanda muka haɗu a masallaci.

To kai, mai cewa a karanta yau a faɗa gobe, matso. Mako guda kafin taron nan na yi wa ajinsu gwaji, ban samu na duba ba kafin abin ya faru. Na duba takardar kowa daga baya, ban da wannan, ta Ramlatu. Ga ta, ka yi hankali da ita, ta fara yagewa a ninki. Tambaya ta uku. Da Turanci take, bari in fassara maka: me minista zai yi idan bai yarda da shawarar majalisa ba? Dubi rubutun, ko gogewa babu. Ta kawo hanya ta farko, ta kawo ta biyu, ta ƙara da layi ɗaya da ba ni na koya mata ba, cewa wanda ya zauna bayan ya san ba daidai ba ne, kada ya ce an fi ƙarfinsa, zaɓa ya yi.

Ga jan biro. Maki goma ne tambayar. Ka ba ta abin da ta ci, ni na kasa.